Koyon Zane da Fensir Ga Ɗan Ƙaramar Sakandare: A Fara da Ƙwarya

Yaron da ya cika bangon littafinsa da zanen motoci, hannunsa ya riga ya faɗa. Idonsa ne bai koyi kallo ba tukuna, yana zana abin da ya sani ne, ba abin da ke gabansa ba. Shi ya sa ƙwarya ko buta ta fi dacewa da darasin farko.

Kayan aikin kaɗan ne: fensir uku, HB da 2B da 6B, sai kilina mai laushi, reza, da farar takarda A4 marar layi. B na nufin baƙi, alamar fensir mai laushi ce, kuma lambar na hawa, baƙin na ƙaruwa. Fensir 6B saurin karyewa gare shi, don haka a fere shi da reza sannu a hankali.

Ka ajiye ƙwaryar kusa da taga, ka kashe ƙwan lantarki. Haske biyu inuwa biyu yake haifarwa, sai ka rasa wacce za ka bi.

Kafin ka ja layi, auna. Miƙe hannu sosai, rufe ido ɗaya, ka daidaita tsinin fensir da bakin ƙwaryar, ka sa babban yatsa daidai gindinta. Tsayinta ke nan. Kwantar da fensirin ka ga sau nawa tsayin ya shiga faɗin. Idan ka lanƙwasa gwiwar hannu tsakanin awo da awo, lissafin ya ɓaci.

Da HB za ka fitar da siffar, layi siriri kamar ba ka so. Nan yara suka fi faɗuwa. Bakin ƙwarya da'ira ne, amma daga inda kake zaune ya baje kamar ƙwai, kuma gefensa biyu a lanƙwashe suke, ba su da tsini irin na ganye. Wanda ya danna fensir tun farko kuwa, ko ya goge, kwarin layin na nan a jikin takarda.

Sai inuwa, wadda ita ce ke fito da ƙwaryar daga takarda. A gefe ka zana akwati biyar, ka cika su daga fari zuwa baƙi wuluk, su zama ma'auninka. Inda haske ya bugi ƙwaryar, bar takarda fara. Bi sauran da 2B, shafi bisa shafi, layukan na bin zagayen jikinta. Ka lura da kyau: can bakin gefen duhu akwai ɗan haske da ya dawo daga ƙasa. Kada ka cike shi, shi ne ke sa ta yi kama da abin da za a iya ɗauka. Wuri mafi duhu shi ne inda gindinta ya taɓa ƙasa, nan kaɗai 6B zai yi aiki sosai.

Kada ka murza da yatsa, maiƙon fata na barin tabon da kilina ba ta cirewa. Auduga ta fi. Ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka don kada gefen tafi ya shafe aikin.

Minti 20 kullum bayan aikin gida ya fi awa uku ranar Asabar. Rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane, ka adana su cikin fayil saboda ƙurar hunturu. Bayan mako biyu, sauya ƙwaryar da butar ƙarfe mai sheƙi, ka matsar da ita ɗaya gefen tagar.