Abin da za ka fara fitarwa idan Gulbin Rima ya taso

Ni malamin gona ne, kuma yawancin aikina a fadamun Wurno da Goronyo na yi shi. Maganata da mutanen bakin gulbi nake, waɗanda shinkafarsu ke cikin kwari, rumbunsu kuma bai fi jifa ɗaya daga ruwa ba.

Ambaliyarmu ba lallai sai an yi ruwa a kanmu ba. Ana iya wuni da rana ƙwal a Kware alhali ruwan da aka tafka a Zamfara da Katsina yana kan hanya. Madatsar Goronyo tana kan Gulbin Rima, ta Bakolori kuma kan Gulbin Sakkwato can cikin Zamfara, gulaben biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. In madatsa ta cika a Agusta ko Satumba, dole a saki ruwa. Wanda ya ga Satumbar 2010, sa'ad da ruwa ya cinye ƙauyuka ya kuma yanke gadar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san abin da nake nufi.

Don haka aikin farko na kunne ne. Hukumar NIHSA, mai lura da yanayin ruwan gulabe a Najeriya, kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ku ware mutum ɗaya mai rediyo da waya, ya riƙa sauraron sanarwa yana kai wa mai gari. Ku kafa sanda mai zane-zane a bakin gulbi, Sarkin Ruwa ya riƙa dubawa safe da yamma. Tun watan Yuli ku zauna ku tsayar da tudun da za a nufa, da wanda zai ɗauki kowane tsoho da kowace mai jego. A kira suna, kada a bar shi a "za a yi".

Rai ne gaba da komai, wannan babu gardama. Kada a danƙare kwalekwale da mutane da buhuna don gudun sawu biyu, kuma kada a tsallaka gulbi da dare.

Bayan rai, ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani. Na sha ganin magidanci yana fama da gado da katifa, injin ban ruwansa kuwa yana can gona ruwa na hawa kansa. Abin yana ci mini rai, domin na san wata biyu nan gaba katifar ba za ta ba shi ko tiya ɗaya ba. Abin da ke tayar da ƙauyen fadama bayan ambaliya noman rani ne. Kayan agaji suna taimakawa, amma sukan makara kuma sukan ƙare da wuri. To, fitar da kayan da za ka koma gona da su: inji da tiyonsa, irin albasa, irin tafarnuwa, irin shinkafa, sai garma da shanun huɗa. Iri ka shanya shi ya bushe sosai, ka zuba a jarka mai murfi ko buhun PICS (mai ledoji a ciki da ke hana iska shiga), ka kai gidan ɗan'uwa a kan tudu tun kafin a fara jita-jita. Hatsin ci ma a raba shi biyu, kada duka ya kwana a rumbu ɗaya. Bakin bututun rijiyar gona ka toshe shi ka ɗaure da leda, in ba haka ba yashi zai cika shi. Awaki da tumaki yara su kora su tudu da wuri, a kuma kwance duk dabbar da ke turke. Takardun gona da katin ɗan ƙasa a naɗe a leda, uwargida ta riƙe.

Idan ruwa ya janye, kada ka yi gaggawar kwana a ɗaki. Bangon laka da ya sha ruwa yakan tsaya kamar lafiya lau, sai ya rufta cikin dare bayan kwanaki. Duba gindinsa, in ya yi laushi ko ya tsage, a kwana a waje cikin gidan sauro. Macizai ma tudu suke nema, a lura da tarin kara.

Rijiyar da ruwan gulbi ya shiga ta gurɓace, ko da ido ya gan ta garau. A yashe ta, a sa mata sinadarin kulorin, ruwan sha kuma a tafasa. Amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya, kuma yana kashe yaro cikin yini guda. Da an ga alama a dama ORS, wato haɗin gishiri da sukari na ƙunshi. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi ana tafiya asibiti, ba a zauna a ga abin da hali zai yi ba.

Mai gari ya rubuta asarar kowane gida, da sunan mai shi da abin da ya rasa, a ɗauki hoto da waya, a miƙa wa hakimi da ƙaramar hukuma don ya isa hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, SEMA da NEMA. Zawarawa da marayu a sa su a farkon takarda, don su ne ba sa iya turereniya ranar rabo.

Sai gona. Ruwan da ya kashe shinkafa ya bar danshi da sabuwar laka mai ƙarfi, kada a bari su tafi a banza. A zuba renon albasa a wuri mai ɗan tudu cikin Oktoba, a dasa a Nuwamba ko Disamba, tafarnuwa da alkama kuma da shigowar sanyi. Wanda injinsa ya tsira ya ba maƙwabci aro, shi kuma ya zuba mai, gonar da yashi ya binne a kira mata gayya. Dabbobin da suka yi kiwo a jiƙaƙƙiyar fadama a nemo malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar hanta.

Damina mai zuwa, mai gona a kwari ya tambayi irin shinkafa FARO 66 ko FARO 67. An fito da su a 2017, kuma suna iya jure nutsewa na kusan mako biyu su farfaɗo. Gwada a gefe ɗaya na gonar tukuna, ka ga yadda za su karɓi ƙasarka. Sabon rumbu kuwa a gina shi sama da inda ruwan bana ya bar zane a jikin bango.