Yadda na gyara launukan da suka ƙi jeruwa a saƙata

Sau uku ina warware saƙar nan. Zaren ulu ne mai launi huɗu masu maimaituwa, ina so su jeru su ba da zanen daimon, amma sai su watse kamar an yayyafa fenti.

Ashe lissafi ne ban yi ba. Na ƙirga ƙulli nawa kowane launi ke ci da kwarashina: ja 3, fari 2, shuɗi 4, toka 3, jimla 12. Sai na rage ɗaya a layin farko don launukan su riƙa gusawa gefe.

Sauran aikin na hannu ne. In shuɗi zai ƙare kafin ƙulli na huɗu, sai in warware in ɗan matse. In ya yi saura, in sassauta. Wajen layi na goma daimon ɗin ya fito sarai, har na ajiye kwarashi ina ta kallonsa.