Yadda ake haɗa injin tsohuwar Beetle da kayan shekaru daban-daban

Wanda ya ce sai ya tayar da injin Volkswagen Beetle da kayan shekararsa kaɗai, zai daɗe yana jira. Akasari buloki daga nan, top silinda daga can, falawil kuma daga wata motar da ta daɗe da kwanciya. Haɗin yana yiwuwa, sai dai kayan Beetle dangi-dangi ne, kuma don abu ya shiga rami ya ɗauru ba shi ke nuna wurin nasa ne ba.

Fara da sanin abin da ke gabanka. Goge bulokin a ƙasan gindin janareto, za ka ga lambar inji da haruffa a farkonta. D na nufin inji mai girman cc 1200, F na 1300, H na 1500, AD ko AE kuwa 1600 mai ƙofa biyu (wato kowane top silinda ƙofar shigar mai da iska biyu gare shi) da ya fito a 1971. Kada ka dogara da shekarar motar, don mota irin wannan ta sha canjin inji. Bulokin ɓari biyu ne, kuma tare aka gyare su a masana'anta, saboda haka ba a aura ɓarin wannan da na wancan ko da lambobinsu sun yi kama. Idan mazaunin metal (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa) ya ci, a kai wa mai injin gyara ya daidaita shi, a sayo metal gwargwadon sabon awon.

Sai karanshaf da silinda. A nan akwai sauƙi: 1300 da 1500 da 1600 duk tafiyar fistin ɗinsu milimita 69 ce, bambancin yana faɗin silinda, wato 77 da 83 da 85.5. Shi ya sa ake mayar da 1500 ya zama 1600 ta hanyar canja silinda da fistin kawai. Shi 1200 tafiyarsa 64 ce, gidansu daban. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya ɓata lokaci wajen cusa masa kayan manyan.

Kafin ka rufe buloki, tsaya kan kamshaf, don nan ne mutane ke faɗawa. Na tsohon yayi giyarsa shafaffiya ce mai ƙusa uku. Daga wajajen 1971 aka koma mai kwarmi da ƙusa huɗu, kuma kowane da famfon mai nasa, domin harshen famfon yana shiga tsagar da ke goshin kamshaf ne. Na taɓa ɗaura famfon tsohon yayi a kan kamshaf mai kwarmi. Noti huɗu suka ɗauru lafiya lau, babu abin da ya nuna matsala. Allah ya sa na juya karanshaf da hannu kafin na rufe murfin, sai na ga giyar famfon tana tsaye abinta, harshen bai kama ba. Da na tayar da shi haka, da metal ya ƙone cikin 'yan mintoci. Sabon kamshaf kuma da sababbin tafet yake tafiya, kada ka sa masa tsofaffi.

Top silinda ma haka: in ka zaɓi mai ƙofa biyu, to ka zaɓi manifol ɗinsa, da kafireta 34 PICT-3, da kwanukan da ke lulluɓe silinda, don na mai ƙofa ɗaya ba za su zauna ba. Ka haɗa fistin da silinda ba tare da ringi ba tukuna, ka auna tazarar kan fistin da bakin silinda a duka huɗun. Milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake nema. Tunda injin nan iska ke sanyaya shi, in ka samu rumfar fanka ta 1971 zuwa sama, wadda aka janye kular mai zuwa gefe, ɗauke ta da faffaɗar fankarta. A tsohon tsari iskar da ta ɗumama a jikin kula kan silinda ta uku take sauka, ita ce kuma ke fara ƙona bawul.

Yanzu falawil. Na motoci masu batir bolt 6 haƙora 109 gare shi, na bolt 12 da ya zo a 1967 kuma 130. Ka ƙirga da alli, kada ka yi kirdado. Dole kik ya zama na wannan falawil ɗin, da bushin ɗinsa, kuma tsohon giyabos sai an ɗan kankare cikinsa kafin babban falawil ya juya. Kuloci shi ma akwai mai faɗin milimita 180 akwai mai 200. Duk sanda aka canja falawil ko karanshaf, sai an sake auna wasan gaba da baya da siraran washoshin ƙarfe guda uku, ya tsaya tsakanin milimita 0.07 da 0.13. Babban notin tsakiya yana son ɗauri na kusan Nm 300 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), wannan ba aikin sifana da ƙarfin tuwo ba ne, nemi sifanar awo.

Saita tazarar bawul a milimita 0.15 inji na sanyi. Cire filogi, ka yi ta bugun kik har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su ka tayar. In kamshaf sabo ne, riƙe shi a juyi 2000 a minti ɗaya, har tsawon minti 20, kada ka bar shi a silo. Juye man da zafinsa ka duba ko da ɓurɓushin ƙarfe, washegari da safe ka sake bin bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya.