Yadda za ka taya mashin na hannu a Jos ba a cuce ka ba

In dai wannan ne mashin ɗinka na farko to ka fara danne zumuɗi, don dillali daga ganin yadda kake shafa tanki kana murmushi ya riga ya san ka shigo hannu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, sabon Boxer ya haura miliyan, shi ya sa kowa ya koma neman na hannu, su kuma masu sayarwa sun san da haka sarai.

Kafin ka je wajen mai mashin, zaga ka ji kuɗin sabo tukuna, Bajaj ne ko Jincheng ko Haojue ko TVS, sannan ka leƙa Dilimi wajen masu sifiya ka tambayi kuɗin fistan da ringi, taya gaba da baya, sarƙa, batir, kuloci. Rubuta su a waya. Da waɗannan kuɗaɗen za ka yi ciniki, don "haba Alhaji a duba ni ɗalibi ne" ba ta rage ko sisi.

Ka tafi da bakanikenka, naka fa, ba wanda dillali ya ce ga wani yaronmu nan ya iya aiki ba. Ka biya shi kuɗin ɓata lokacinsa, bai kai asarar da zai tsare maka ba. Kuma ku je da sassafe. Sanyin Jos a nan yana maka amfani, injin da ya gaji ba ya son tashi da safe, musamman lokacin hunturu. Kana isa ka ɗora hannu a jikin injin, in ka ji da ɗumi to an riga an tayar da shi kafin ka zo, ka ce babu damuwa za ku jira ya huce ko ku dawo gobe. Mai lafiya kik ɗaya ko biyu ya tashi. In ya tashi ka tsuguna bayan salansa a murza maka wuta: baƙin hayaƙi yawanci kafireta ce, gyaranta ba tsada, amma hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana ƙona baƙin mai ke nan, aikin ringi ne ko fistan, sai an buɗe inji. Zaro ma'aunin baƙin man ka murza a yatsa, wasu kan zuba mai kauri don ya ɓoye ƙarar inji. Dubi kawunan notikan injin, in sun sha sifana sun cinye to an taɓa buɗe shi ko da mai shi ya rantse maka bai taɓa ba. Mitar da ke nuna nisan tafiyar da ya yi kam manta da ita, yawanci ta mutu ko an cire wayarta, robar wajen taka ƙafa ta fi ta faɗin gaskiya.

Sai hawa. Ka goya bakaniken ku nemi tudu, abin da ba a rasa ba a garin nan, ka ji ko yana ja ko kuka kawai yake kuloci na zamewa. A miƙaƙƙiyar hanya ka ɗan sassauta riƙo, in kan yana karkata gefe ɗaya mai yiwuwa ya taɓa faɗuwa mai kyau. Ka tambayi aikin da ya yi kuma, don mashin ɗin malamin makaranta daban yake da wanda ya shekara yana jidar buhunan dankali a Bokkos ko Mangu, shi wannan ka leƙa ƙarƙashin kujera za ka ga walda. Fenti sabo fil a tsohon mashin ni tsoro yake ba ni.

Takardu kafin kuɗi. Rasit na asali, takardun lamba, sannan ka haɗa lambar inji da ta shasi, wadda ke wuyan mashin, da abin da ke rubuce harafi bayan harafi. In an kankare ko an ce takardu sun ɓata ana nema, tashi ka tafi komai arharsa, kayan sata in aka kama a hannunka kai ne ɓarawon. Ga shi tun zamanin gwamna Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, ana kamen mashina lokaci zuwa lokaci, to ko na hawan kanka ne sai takardunka sun cika.

Yanzu ciniki. Mai mashin zai ce maka "taya mana", kar ka yarda ka fara, ce masa "Alhaji kai ne mai kaya, faɗi kuɗin kayanka". A ce ya ce dubu 750, bakanike kuma ya lissafa gyaran dubu 90, kai kuma a ranka ka tsaya a 620. To ka taya 540, zai ce albarka har ya ɗan ɓata rai, ba komai haka ake yi. Kar ka kushe masa mashin a gaban mutane, zai yi zuciya ya ƙi sayarwa, kai dai ka riƙa nuna masa abu da kuɗinsa a hankali, ga tayar baya ta suɗe nawa ce a Dilimi, ga sarƙa ta saki, ga hayaƙin nan da muka gani tare. Ƙarin da za ka riƙa yi ya dinga raguwa, 30 sai 20 sai 10, daga nan zai gane ka kusa ƙurewa. Maganar "yanzu wani ya taya 700 ya tafi ɗauko kuɗi" kowa ita ake faɗa masa, ce Allah ya sa alheri ka bar lambarka ka kama hanya, sau da yawa kafin la'asar za a kira ka. Kuma tun farko ku tsayar da maganar la'ada, nawa ce kuma wa zai biya, kar sai an sallama dillalai uku su fito kowa da hannu a miƙe.

In ya ce ya sallama a rubuta yarjejeniya, sunanka da nasa, lambar inji da ta shasi, kuɗin da aka biya, kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka ɗauki hoton katin shaidarsa. Kuɗin ka yi taransifa zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai takardun, ba na dillali ba. Daga wajen kar ka wuce gida nuna wa abokai, ku biya gareji a juye baƙin man nan a sa sabo, a canza fulogi, a ɗaure birki, sannan ka ware kuɗin hular kwano a cikin abin da ka rage.