Wander, Stroll Da Loiter Ba Ɗaya Ba Ne

'Yan uwa masu shirin jarabawar Turanci don Allah ku kula da kalmomin nan, mu duk yawo muke ce musu amma fa kowacce da inda take zama. Wander shi ne gantali, kana ta tafiya ba ka nufi ko'ina ba. Stroll kuwa ɗan tattakin shan iska ne a hankali, irin wanda ake yi bayan la'asar. Roam yana son fili mai faɗi, kamar shanu a daji. Wadda ta fi damuna ita ce loiter, kar ka kuskura ka ce ita kake yi, ma'anarta ka tsaya kana raɓe-raɓe a wuri ba dalili har a fara zarginka, shi ya sa ake manna No Loitering a ƙofar banki. Kuma wander da a ake rubuta shi, mai o ɗin mamaki ne.