Yadda ake shata filin sofbol na ƴan mata a harabar lakwal

Sofbol wasa ne da mai jifa ke jefa ƙwallo, mai bugu ta buga ta da sanda, ta ruga ta zagaya tashoshi uku ta dawo gida. Awon da ke ƙasa shi ne na manyan mata, irin wanda gasar ƙwararru ta Amurka, National Pro Fastpitch, ta yi wasa a kai daga 2004 har aka rufe ta a 2021. 

A tanadi ma'aunin mita, turaku, toka ko farar ƙasa, da igiyar da ba ta miƙewa. Ta leda ba ta yi, don idan aka ja ta sai ta ƙara tsawo, fili ya karkace.

A fara kafa turken gida, inda mai bugu take tsayawa, ta fuskanci arewa maso gabas. A Maraɗi bayan la'asar aka fi yin wasa, kuma idan ta fuskanci yamma rana za ta hana ta ganin ƙwallo. Daga gida a auna mita 25,86 a miƙe, a kafa tasha ta biyu. Sai a yanki igiya mai mita 36,58, a ƙulla ta daidai tsakiya, a ɗaura bakinta ɗaya a gida, ɗayan a tasha ta biyu. A ja ƙullin dama har igiya ta ɗame: tasha ta ɗaya ke nan. A ja shi hagu, ta uku. Kowane gefe zai ba da mita 18,29. In bai ba da haka ba, ƙullin ne ya goce daga tsakiya.

Mai jifa tana tsayawa a kan layin gida zuwa tasha ta biyu, mita 13,11 daga gida, cikin da'irar da aka zana da igiya mai mita 2,44. A da mita 12,19 ne a wasannin duniya. An ja da baya ne saboda masu jifa sun fi ƙarfin masu bugu, a yi ta wasa ba ci. Ga yaran firamare kuwa a matso da shi kusa, in ba haka ba ƙwallo ba za ta kai gida ba, tunda ta ƙasan hannu ake jifa.

Kafin a zuba toka a share ƙarangiya da tsakuwa, musamman bakin tashoshi inda ƴan wasa ke zamewa. A tuge turakun a sa buhu mai ɗan rairayi a madadinsu, turke yana fasa ƙafa. Da hunturu a yayyafa ruwa kan layi tukuna, don iska na kwashe busasshiyar toka kafin a gama zagaye 7 na wasan.