Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Makarantar Koyon Sana'a a Kumasi Bayan Kammala JHS

A gidaje da yawa na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, ba a tunawa da makarantar koyon sana'a sai sakamakon jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare (JHS), ya fito bai yi daɗi ba, alhali a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ɗalibi yana rubuta makarantun da yake so ne tun kafin fitowar sakamako, sannan tsarin CSSPS, wato tsarin kwamfuta na raba ɗalibai a makarantun sakandare, ya tura shi bisa makinsa da abin da ya zaɓa. Saboda haka matakin farko shi ne iyaye su zauna da yaron da malaminsa kafin a cike takardar, a rubuta makarantar da ainihin sana'ar da yake so, domin masu neman gurbi a Kumasi Technical Institute ba kaɗan ba ne. Shirin karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya haɗa da makarantun fasaha na gwamnati, amma ya kamata a yi tanadin kuɗin rigar aiki da takalmin kariya da ƙananan kayan aiki.

Kafin a rubuta sunan kowace makaranta, a je a ga ɗakin aikinta da ido. A ƙirga injinan da ke tashi, ba waɗanda ƙura ta lulluɓe ba, kuma a tambayi ɗalibai su nawa ne suke taruwa a kan inji guda, domin yaron da ya shekara uku yana leƙe ta kafaɗar ɗan'uwansa zai fito da takarda amma hannunsa bai san nauyin sifana ba.

Kanikancin mota shi ne ya fi jan hankalin samarinmu, kuma dalili a fili yake, tunda ga Suame Magazine, babbar unguwar garejoji da kanikawa, a kusa. Sai dai motar yau ba irin wadda iyayenmu suka koya da ita ba ce. An daina sa kabureta a sababbin ƙananan motoci, kwamfuta ce ke auna man da ke shiga inji, kuma idan fitilar gargaɗi ta kama, makanike yana jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari, ta nuna masa lambar da sai ya karanta bayaninta da Turanci kafin ya taɓa ko da noti ɗaya. Nan ne makaranta ta fi gareji, kuma shi ya sa yaron da ke gudun lissafi da Turanci zai sha wuya ko a nan ɗin ma. Amma gareji ya fi makaranta yawan motoci masu ciwo iri-iri. A ganina, abin da ya fi shi ne a haɗa biyun: a samo masa maigida mai amana a Suame wanda zai riƙa zuwa wurinsa duk hutu, ko da wanke kayan inji da fetur zai fara.

Mai son gini zai koyi karatun zanen gida da ƙididdigar kaya, misali sanin cewa bango mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana cin bulo kamar 10, kuma wannan ilimin ne ke raba birkila mai jiran kuɗin yini da wanda ake ba ragamar aiki. Ɓangaren injiniya kuwa ya ƙunshi walda da sarrafa ƙarfe da lantarki, kuma mai son aikin wayarin gidaje yana buƙatar shaidar Hukumar Makamashi ta Ghana bayan ta makaranta. 'Yan mata ma ana karɓarsu a duk waɗannan sassa, ko da yake a unguwanninmu ba a cika tura su ba.

Sai batun takardar shaida, wanda a nan ne ake yawan cutar iyaye. Tun 2020 hukumar CTVET, wato hukumar ilimin fasaha da koyon sana'a ta Ghana, ce ke kula da ingancin wannan karatu, kuma tsarin shaidar na ƙasa yana da matakai 8, daga gwajin ƙwarewar hannu har zuwa digirin digirgir. Idan makarantar ta kuɗi ce, a nemi ganin rajistarta da hukumar kafin a biya ko sidi ɗaya. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe da kyau yana iya neman babbar difloma (HND) a Kumasi Technical University, wadda ta zama jami'a a 2016, ko ya nufi jami'ar horar da malaman sana'a da ke Tanoso, wadda aka sani da AAMUSTED, idan koyarwa yake so.

Shi kuwa wanda ya riga ya daɗe a hannun maigida ba tare da takarda ba, ba sai ya koma aji ɗaya ba. Ya je ofishin hukumar CTVET ya tambayi yadda ake rajistar gwajin ƙwarewa, ya tafi da katinsa na ɗan ƙasa da wasiƙar maigidansa mai nuna shekarun da ya yi yana aiki.